Karen da Ya Ƙi Barin Gindin Ayaba

Mutum biyu ne ke rera labari da jita a kasuwar Asabar ta garinsu, Expedito da Nivaldo, kuma kowa ya san wanda ya fi tara jama'a. Nivaldo ne ya riƙe Jandira, 'yar Expedito, ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa suke kiran juna kumpadre. Amma wannan bai hana Nivaldo yi wa Expedito tsiya ba.

"Kumpadre, yau kuma me za mu sha? Bijimin nan da ba a iya kamawa? Ai da shi kakata ta yaye ni!"

Maganar tana cin ran Expedito, don gaskiya ce. Duk labarin da ya ɗauko sai a ce an taɓa ji. Ya gwada zama shagon aski yana tsintar hirar mutane. Ya gwada haɗa kan wannan labari da wutsiyar wancan. Har wake da busasshen nama ya riƙa cika ciki da su kafin ya kwanta, wai ko zai yi mafarki mai daɗi, bai samu komai ba sai kumburin ciki.

Rannan da yamma yana ɗaura wa jita tsirkiya, sai ya ga Jandira a tsakar gida tana wasa da totuwar masara. Shekararta bakwai, kuma kullum tana bin uwarta Zuleide babban gandun shanu na bayan gari, inda take yi musu wanki. Ta tona rami, ta kwantar da totuwa ɗaya, ta mayar da ƙasa, ta soka ganye a kai.

"Me kike yi, 'yar Baba?"

"Labari nake yi."

"To, sai me ya faru?"

Ta ce wai wani makiyayi ne ya nemi rabonsa na maruƙa. Sai mutum biyu suka sa shi a tsohuwar rijiya, suka cike ta, suka dasa ayaba a kai. Karensa mai kunne ɗaya ya zo ya kwanta a gindin ayabar, ana jifarsa yana dawowa.

Tsikar jikin Expedito ta tashi, amma don murna. Kare mai kunne ɗaya! Shi da ya shekara yana matsar kansa bai taɓa kawo irin wannan ba. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Ranar Asabar zan faɗa wa duk kasuwa cewa labarinki ne. Da sunanki zan rufe waƙar."

Ranar Asabar ya zaunar da ita kan akwatin katako kusa da shi, ya saya mata mazarƙwaila. Ya fara. Masu garin rogo suka bar buhunansu, makiyaya masu hular fata suka matso. Har Nivaldo ya rataya jitarsa ya zo ya tsaya. Da Expedito ya kai inda karen ya soma tonon gindin ayaba, sai ya ɗora tafin hannu kan tsirkiya ya yi shiru, kamar yadda ake yi, don jama'a su yi ta ihun a ƙarasa.

Ba wanda ya yi ihu.

Wata tsohuwa mai sayar da kaji ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. A hankali ta ce, "Karen Damião ma kunnensa ɗaya."

Damião makiyayin gandu ne. Tun kafin damina aka ce ya yi faɗa da mai gandu kan maruƙa, ya yi fushi ya tafi birnin São Paulo. Expedito ya ji zancen a shagon aski, bai sa shi a ka ba. Yanzu ya tuna cewa bayan wurin wankin gandu akwai tsohuwar rijiya, kuma Zuleide ta taɓa cewa an cike ta. Ya juya ya dubi 'yarsa. Tana lasar mazarƙwaila, tana kaɗa ƙafa, tana jiran a faɗi sunanta.

Mutane suka dare. Seu Tibúrcio, wakilin mai gandu, ya ratso ya tsaya dab da shi, yana warin taba da gumin doki.

"Labari mai daɗi, mawaƙi. A ina ka samo shi?"

Expedito ya yi saurin lissafi a ransa. Idan ya ce shi ya ƙirƙiro, wa zai yarda? Mutumin da bai taɓa ƙirƙiro ko kaza ba. Za a tambaya wa ke zuwa gandu daga gidansa, amsar kuwa ga ta nan zaune kan akwati. Ya ga Jandira ta cire mazarƙwaila daga baki, ta ɗaga hannu.

"Baba, ka ce za ka..."

"Ɓarawo!"

Nivaldo ne. Ya faɗo tsakiyar fili yana nuna Expedito da yatsa. "Ɓarawon banza! Seu Tibúrcio, kai ma ka tsaya tambayar wannan? Labarin kakana ne, tun zamanin babban fari yake rera shi a jihar Ceará. Karen ma ba kunne ɗaya ba ne, ido ɗaya ne, ko satar bai iya ba!" Yana faɗa yana ja da baya, har ya tsaya tsakanin Tibúrcio da yarinyar. Matar Nivaldo ta zagayo ta sunkuci yarinyar, wai za ta wanke mata hannu.

Expedito ya san Nivaldo bai san ko sunan kakansa ba. Ya sunkuyar da kai.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Na ji shi yana rerawa a gida, na ɗauka."

"To, ya ƙarshensa yake?" in ji Tibúrcio, idonsa kan Nivaldo.

Nivaldo ya buga jita, ya ɗora daga inda aka tsaya. Karen ya tona ya tona, ya ciro tukunyar zinariya, ashe makiyayin ba mutuwa ya yi ba, ta ƙarƙashin ƙasa ya bi ya ɓulla bakin teku ya auri 'yar mai jirgi. Baiti na bin baiti, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Mutane suka yi dariya, irin wadda ake yi da ƙarfi don a ji ka yi. Wani ya jefi Expedito da ɓawon lemo. Tibúrcio ma ya murmusa, ya tofar da yawu, ya juya.

A hanyar gida Jandira ta ƙi riƙe hannun ubanta.

"Nawa ne. Ka ce nasa ne."

"Nasa ne, 'yar Baba. A bakinsa kika ji, kin manta."

"Ƙarya ne! Ni na ga..."

Ya rufe mata baki da tafinsa, ya waiga gabas da yamma. Bai taɓa yi mata haka ba. Hawayenta suka jiƙa masa yatsu.

Washegari Zuleide ta sa Jandira a motar kaya, ta kai ta wurin yayarta, innar yarinyar, can bakin teku, ta dawo ta ci gaba da wanki a gandu, don in ta daina za a lura.

Asabar ta zagayo. Expedito ya rera bijimin da ba a iya kamawa, kalma bayan kalma, yadda kowa ya san shi. Mutane kaɗan ne suka tsaya, Tibúrcio na sahun gaba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya dubi akwatin katakon da ba kowa a kai.

"Mawaƙi, yau ina 'yar mazarƙwaila?"