Abincin Rana a Ɗakin Awo

Ranar kasuwar Bukkuyum, layin mata kan kai har bakin ƙofar ƙaramin asibitin. Wasu daga Adabka suke zuwa a kan babur, wasu kuma tashin hankali ne ya raba su da ƙauyukansu, suna raɓe a gidajen dangi. Naja'atu kaɗai ce ma'aikaciya a ɗakin awo. Ta duba mai ciki, ta lallashi mai kuka, ta shanye faɗan mijin da ya leƙo yana cewa an ɓata masa ranar ciniki. Fuskarta ba ta nuna komai. Sai ta koma gida take jin wuyanta ya sage.

Kullum Inna kan zuba mata dambu a kwano, kullum kwanon kan dawo wayam, amma ba ita ke ci ba. Ɗakin awo ba shi da ƙyaure, labule ne kawai, kuma ba a buɗe kwano gaban mutane ba a ce bismillah ba. A da in ta faɗa, sai a amsa mata da "A ci lafiya." Yanzu shiru ake yi, can sai wata uwa ta sunkuyar da kai ta miƙo hannu saboda ɗiyar da ke gefenta. Naja'atu sai ta tura kwanon gaba ɗaya. Ita kuma ta riƙe ciki da lemon kwalba da shayi mai zaƙi har la'asar.

Paulina mai gwajin jini, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba, ita ta fara lura.

"Randar nan ke kaɗai kike ƙarar da ita. Kin zama raƙumi ne? Kawo yatsa."

"Anti, akwai mutane."

"Mutane ba sa ƙarewa. Kawo."

Da na'urar ta nuna abin da ta nuna, Paulina ba ta ƙara zolaya ba. Likita a Gummi ya tabbatar ciwon suga ne. Ya ba ta ƙwaya, ya ce lallai ta ci abinci a kan lokaci, ta bar kayan zaƙi, ta rage damuwa. Wannan ta ƙarshen ta kusa ba ta dariya. Sai ya tambaye ta ko tafin ƙafarta na mutuwa. Ta ce wani lokaci. Ba ta buƙaci bayani ba, ta sha ganin ƙafafun da ake kawowa asibiti a makare.

Inna da ta ji, sai ta ƙara kwano na biyu. "Wanga na mutane, wanga naki. Kar in ji."

Kasuwa ta zagayo. Kwanon mutane bai kai hantsi ba. Wajen azahar zufa ta karyo wa Naja'atu, jiri ya ɗebe ta, sai ta ajiye allurar da ke hannunta. Ta sha ƙwayarta tun safe, kuma ta san abin da jikin ke nema. Ta yi tunanin ɗaukar kwanonta zuwa ɗakin Paulina, amma ratsa layi da shi a hannu ya fi muni.

Wadda ke zaune a kan benci tana jira Turai ce, da tsohon ciki, daga wani ƙauye na Anka suka gudo. 'Yarta ƙarama tana jingine da ita, idonta a kan murfin kwanon.

Naja'atu ta buɗe. Kalmar ta zo har bakinta, kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama. Ta haɗiye ta. Ta juya kujera ta fuskanci bango, ta yi bismillah a zuci, ta fara ci. Dambun bai yi mata ɗanɗanon komai ba. Kunnuwanta suka yi zafi, tana jin duk wani motsi da ke bayanta.

Ta ji Turai ta ce a hankali, "Dibi waje, ɗiyata. Likita na aiki."

Naja'atu ba ta waiwaya ba. Ta cinye tas, ta wanke hannu, ta ɗan zauna har jirin ya lafa.

"Bismillah, hau gado," ta ce.

Turai ta hau da ƙyar, ta kwanta tana kallon rufi.

"Wata nawa ke nan?"

"Bakwai, ina ji."

Naja'atu ta ɗora tafinta a kan cikin, ta lalubo inda kan jaririn yake. A bayan labule wata na tambaya ko saura mutum nawa.