Na Auna Dutsen Sama da Maƙogwarona

A mafarkin da na yi daren jiya, radar ce ta mutu, saura kwana ɗaya dutsen ya wuce.

Dutse ne daga sararin sama, girmansa ya kai kasuwar garinmu. Ranar Alhamis bayan la'asar zai gifta kusa da duniya. Hukuma ta ce in ba a auna nisansa ba, kowa ya kwashe kayansa a bar garin. Ni kuwa rijiya goma sha ɗaya na haƙa a garin nan. Ina zan je in bar su?

Sai ga ni a ɗakin taro. Wata zabuwa ce shugaba, da tabarau a hancinta, tana raba aiki. Ta ce Dakta Kulu mai madubin hangen nesa ta kama dutsen tun daga gabas, kada ta ƙyafta ido.

Dakta ta ce, "Ranki ya daɗe, ganinsa zan yi. Nisa kuwa aikin radar ne."

Na ce, "Wai mece ce radar ɗin nan?"

Dakta ta ce, "Faranti ne babba, Malam Barau. Yana aika kira, ya saurari dawowarsa. To an shanya kuɓewa a kansa, kiran sai zamewa yake yi."

Na ce, "Shi ke nan? Haka nake sanin zurfin rijiya shekara talatin."

Zabuwa ta ce, "Kana da takardar shaida?"

"Ina da maƙogwaro."

Ta buga hatimi a goshina.

Sai ga mu ranar Alhamis. A ƙasar nan sama ake haƙa rijiya, don haka na hau tsani na shiga ɗaya, na leƙa. Dakta tana ƙasa, ido a madubi, tana cewa, "Dama kaɗan! Ga shi nan, mai kama da dankali! Yanzu!"

Na cika ƙirji na ce, "Salamu alaikum!"

Na fara ƙirga. Gari ya yi tsit, har kifayen da ke kan bishiya suka daina tari. Can sallamata ta dawo, ta gaji, da ƙura a jikinta.

Na ce, "Nisansa gaba dubu ɗari tara ne. Ko hular liman ba zai taɓa ba."

Sai guɗa! Mutane suka sauke katifu daga kan motoci. Zabi arba'in suka ɗauke ni a kafaɗa. Dutsen ya wuce yana sunkuyar da kai don kunya. Na buɗe baki in yi jawabi, babu komai. Murya ta bi shi.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Matata Asabe na tsaye a kaina da buta.

Ta ce, "Malam, wa kake yi wa sallama haka? Sau uku Alhaji Inuwa yana amsawa ta katanga."

Na so in gaya mata ni na ceci garin. Yau tun safe da hannu nake magana.