Canjin Layi

"Wannan ma bakinta bai shiga ba," in ji mai shagon waya. Ya jefa cajar cikin kwali, ya zaro wata.

Tukuna na tsaye a gaban kanta, gumi na bin bayansa, yana kallon wayarsa kwance a kan gilashi kamar majinyacin da aka fara yi wa magana ƙasa-ƙasa. Yayarsa ce ta laƙaba masa wannan suna tun yana yaro, domin ko ruwa aka miƙo masa a kofi biyu sai ya ce tukuna, ya taɓa ya ji wanne ya fi sanyi. Da ya girma ya zama mai gyaran kurakurai a wata maɗaba'a, inda ake biyansa albashi don ya yi shakka.

"Gwada mai ƙaramin baki," ya ce.

"Na gwada. Na gwada mai faɗin baki, na gwada mai baki biyu. Malam, wayar nan ba caja take nema ba, addu'a take nema."

Da safen nan ne abin ya faru, yana cikin motar haya, gwiwarsa a matse da buhun wani. Likita ta kira shi. Ba likita ba ce, jini take gwadawa a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, amma tun ranar da ta soka masa allura a hannu ya ji zafinta a ƙirji, bai sake kiranta da wani suna ba.

"An ba ni canjin wurin aiki," ta ce, muryarta a sanyaye. "Reshe ne mai nisa, sai an wuni a mota. Shugabarmu tana son amsa kafin a tashi yau. Ka faɗa min gaskiya, akwai dalilin da zai sa in zauna?"

Ya buɗe baki. Duk kalaman soyayyar da ya taɓa karantawa suka taso gaba ɗaya suka cunkushe a maƙogwaronsa, kowanne na son ya riga fita. Ya ce, "To, wato..." Sai wayar ta yi ɗan kuka, ta mutu.

Asibitin ba shi da nisa, mota ɗaya ce. Sai dai Tukuna bai taɓa faɗin magana mai nauyi ido da ido ba. A waya zaki ne. A gabanta kuwa, tambayarta yake yi ko tana ganin za a yi ruwa.

"Ba ni sabuwa," ya ce wa mai shago. "Amma wadda ta fi fitar da murya. Magana zan yi irin wadda sau ɗaya ake yin ta a rayuwa."

"Haƙuri za ka bayar?"

"A'a."

"To aure ne. Zauna."

Ya jera masa wayoyi. Wannan tana da idanu uku a baya, tana ɗaukar hoton da zai sa kakarka ta koma budurwa, amma batirinta ba ya kai azahar. Wannan batirinta sai ka manta inda ka ajiye caja, amma muryar mutum a cikinta kamar daga rijiya. Ta ukun ba ta da aibu ko ɗaya, sai tsada. Tukuna ya ɗauki wannan ya ajiye, ya auna waccan a tafin hannu, ya kara kowacce a kunne ya ce "Likita" a hankali don ya ji yadda sunan zai zauna. Rana ta yi sama kafin ya zaɓi ta ukun.

"Ina cajarta?"

"Daban ake sayarwa."

Ya saya. Igiya ce kawai.

"Ina kan?"

"Shi ma daban."

Kan yana da ƙafa uku, soket ɗin shagon rami biyu gare shi. Aka nemo abin haɗi a shagon maƙwabci. Tukuna ya zaro tsohon iyafis ɗinsa na saƙalawa a kunne, ya juya sabuwar wayar sama da ƙasa yana neman raminsa, bai gani ba.

"Sun daina yin rami," in ji mai shago. "Ci gaba ke nan."

Saura sim. Nasa irin na da ne, mai faɗi, gidan da aka yi masa a sabuwar waya kuwa ko farce ba zai ɗauka ba. Mai shago ya ɗauko almakashi ya ce wannan ƙaramin aiki ne. Ya datsa nan, ya datsa can, ya ɗaga shi sama ya ƙura masa ido, ya ƙara datsawa. Da aka saka shi, sai ya yi ta yawo a ciki. Wayar ta haska, ta yi waƙar maraba, ta rubuta cewa babu sim.

"Ya ɗan rame," in ji mai shago, ko kunya babu. "Amma tsaya. Ita wane layi take?"

"Na kamfanin nan mai tambarin kifi."

"Kai fa?"

"Mai tsuntsu."

Mai shago ya tafa hannu. "Shi ya sa! Kana sama tana ruwa, ina za ku ji juna? Allah ne ya kawo almakashin nan. Ga ofishinsu can bayan shatale-tale, je ka koma layinta."

Maganar ta shiga Tukuna har ƙashi. Ya ga kamar babu wata hujjar ƙauna da ta fi mutum ya bar lambar da duniya ta san shi da ita ya bi ta masoyiyarsa.

Ofishin cike yake, layin mutane ya lanƙwasa kamar ƙugiya har bakin ƙofa. Wata ma'aikaciya mai rigar kamfani tana bin layin tana bayani da murmushin da ya gaji.

"Muna da Tsarin Iyali, kira kyauta tsakanin miji da mata, sai dai a zo da shaidar aure. Muna da Tsarin Gwauro, data mai yawa, babu kira. Muna da Tsarin Masoya, lamba biyu, ku yi ta hira har kunne ya yi zafi."

"Wanne ya fi sauƙi?"

"Na Gwauro. Su ba sa damun kowa."

A gabansa wata tsohuwa ce mai ƙatuwar jaka. Ta zo ƙara ne, wai an saka mata waƙar da masu kiranta ke ji ba da saninta ba, waƙar wata yarinya mai cewa a zo a rungume ta, har surukanta sun daina kira sai dai su aiko. Ta lura da yadda yake leƙen agogon bango yana cizon leɓe.

"Ɗan nan, wa ya mutu?"

Ya gaya mata a taƙaice. Ta tona jaka ta fito da wata 'yar waya da aka ɗaure da roba.

"Ungo. Wannan layin wani kamfani ne, na ajiye shi don irin yau. Saura kuɗi kaɗan a ciki, kada ka tsaya gaisuwa."

Lambar Likita ko cikin barci ya san ta. Ta ɗauka.

"Wa ke magana?"

"Ni ne. Ki yi haƙuri, tun ɗazu ina kan layi."

"Kan layi da wa? Lambar wa ce wannan?"

"Yi sauri mana, ɗan albarka, kada ka cinye min!" in ji tsohuwa daf da kunnensa.

"Muryar wa nake ji?"

"Wata ce muke tare. Ki saurara, Likita. Na yi tunani sosai, na kwatanta, na ga gara in canza layi. Wanda nake kai wahala ce kawai, kullum ba a jin juna, shi ya sa na..."

Kuɗin suka ƙare.

Ya miƙa wa tsohuwa wayar yana jin ya yi rabin aikin. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Tsohuwa ta nisanta ta da ido, ta matso da ita, ta kasa, sai ta miƙa wa wani direba da ke bayansu. Direban ya gyara murya ya karanta yadda har mai gadi zai ji:

"Na gode da ka faɗa min da bakinka. Allah ya sa sabon layin ya fi ni sabis. Kada ka sake nemana."

Ofishin ya ɓarke.

"Kai, ka kashe kanka!"

"Ai mace ba a ce mata an kwatanta!"

"Wa ya aike ka cewa wata ce kuke tare?"

Jama'a kuwa suka tausaya wa Tukuna, aka yi ta miƙo wayoyi. Ta wani ɗalibi data ce zalla. Ta wata mai sayar da turare ba ta kiran kowa sai 'yan layinsu. Wani dattijo ya ce tasa tana da kira kyauta amma sai ranar hutu. Direba ya ce tasa ta fi ta kowa, da dai akwai mai caja mai faɗin baki. Nan take musu ya tashi a kan wane kamfani ne ya fi iya cin kuɗin mutum yana barci, kowa na kare nasa kamar gidan ubansa. Da ƙyar aka samu wadda ta shiga. Likita ta katse. Aka sake, ta katse.

"Tafi da ƙafarka," in ji tsohuwa.

"Mama, na kusa kaiwa gaba. In na samu layin zan yi mata bayani dalla-dalla."

"Bayanin da ka yi ɗazu ai ya isa shekara."

Sai na'urar ofishin ta tsaya. Aka ce a yi haƙuri. Aka yi haƙuri har inuwar ƙofa ta juya. Tukuna na tsaye yana shirya jimloli a ransa, yana goge wannan, yana sa waƙafi a waccan, zuciyarsa na bugawa kamar injin maɗaba'a. Da na'urar ta farfaɗo, aka cire wa tsohuwa waƙarta, ta ƙi tafiya, ta nemi kujera ta zauna don ta ga ƙarshe.

"Wane tsari?" in ji ma'aikacin da ke bayan gilashi, bai ɗago ba.

"Na Masoya."

"Kawo lambar ɗayan. Na'ura za ta kira ta. In tana sonka ta danna ɗaya, in ba ta so ta danna biyu."

"Na'ura ce za ta tambaye ta?"

"Ta fi sauri. In ta danna biyu ma ba ka yi asara ba, kai tsaye za mu mayar da kai na Gwauro."

Tukuna ya tsaya. Ya hango Likita cikin fararen kayanta, tana riƙe da kwalbar jinin wani, wata muryar ƙarfe tana yi mata tambayar da shi ya kasa yi. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya janye hannunsa daga kanta, ya juya, ya kutsa cikin mutane ya nufi ƙofa.

A ƙarshen layin, daf da ƙofa, ya yi turus. Ga ta tsaye, ko rigar aiki ba ta cire ba, idanunta sun yi ja.

"Likita! Me kike yi a nan?"

"Layi zan canza," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ai kai ka koya min. Lambar da ka haddace ce ba na so."

"Wallahi wannan layin nake nufi! Wannan da kike tsaye a kai! Da kuma na sim. Naki zan koma."

"Ita wadda kuke tare fa?"

Tsohuwa ta taso da jakarta, ta tsaya a gabanta ta gyara mayafi. "Ga ni, 'yar nan. Dube ni da kyau. In kin ga abin tsoro ki faɗa."

Direba ya rantse. Ɗalibi ya rantse. Mai turare ta ce ita tun farko ta san yaron ba mugu ba ne, wauta ce kawai. Bakin Likita ya motsa kamar za ta yi dariya, sai hawaye suka riga.

"Ka makara," ta ce a hankali. "Ina shigowa nan na tura wa shugabarmu cewa na karɓa."

Ta ɗaga wayar don ya gani da idonsa. Ya gani. Ya kuma ga wata 'yar da'ira a gefen saƙon tana ta juyawa, tana juyawa.

"Bai tafi ba," ya ce.

Mai gadi ya leƙo. "Ai nan ciki babu sabis ɗinmu. Sai kin fita bakin titi, wajen mai gyaran taya."

Likita ta dubi ƙofar, taku ɗaya tsakaninsu. Ta dubi Tukuna.

"In na fita zai tafi. To, ga ni, ga ka. Ina jinka."

Babu waya a kunnensa, babu inda zai ɓoye fuska. Ya nemi jimlolin da ya shirya, ko ɗaya bai samu ba. Wajen rabin mutanen ofis na kallonsa.

"Kada ki tafi," ya ce. "Ni ne dalilin. Na san ba wani babban dalili ba ne. Amma ina sonki, kuma in kika tafi ban san wa zan riƙa tambaya ko za a yi ruwa ba."

Ta share ido da bayan hannu, ta ɗora yatsa a kan saƙon, ta zaɓi gogewa. Wayar ta fito da tambaya: An tabbata?

Ta juyo masa da fuskar wayar.

"Kai take tambaya."

Akwai zaɓi biyu a ƙasa. Ya miƙa yatsa ya danna na farko, Eh, bai ko karanta ɗayan ba.