Harshen Mai Agogo

Shekara arba'in da ɗaya Malama tana gaya wa mijinta cewa idan yana gyaran agogo yakan fito da harshensa ta gefen baki, shekara arba'in da ɗaya yana cewa sharri take masa. Da zarar ya maƙala ɗan gilashin nan a idonsa na dama, ya sunkuya kan tebur, ya ɗauki hantsaki, sai harshen ya leƙo ta hagu ya tsaya, kamar shi ma aikin yake dubawa.

Yanzu ga shi shagonsa zai rufe ranar Asabar. Mai ginin zai rushe layin gaba ɗaya ya yi wurin ajiye motoci, Mai Agogo kuwa ya ce ba zai sake neman wani shago ba, idonsa ya gaji, mutane kuma sun koma duba lokaci a waya. Malama ta zazzage akwatin hotunan gidan a kan gado ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Nasa goma sha bakwai ta samu. A dukkansu a tsaye yake ƙiƙam, hannuwa a gefe, fuska a murtuke, kamar wanda aka kira ya ba da shaida a kotu. Babu ko ɗaya da yake zaune a teburin da ya ciyar da su, ya kai 'ya'ya huɗu makaranta. Wannan mutumin na kan tebur shi take so ta ajiye, da harshensa da komai, kuma kwana shida suka rage mata.

Waya ba za ta yi ba. Gilashin waya ba ya jin yatsanta. Ta taɓa latsawa sau uku bai amsa ba, a na huɗu ya ɗauki haɓarta sau talatin. Ita abu mai maɓalli take so, wanda za ka danna ka ji ya dannu.

Kuskurenta ɗaya, ta faɗa wa babban ɗanta. Injiniya ake ce masa tun yana ɗan shekara tara, ranar da ya kwance rediyon gidan ya kasa mayarwa. Ya girma ya zama ma'aikacin banki, sunan bai bar shi ba, shi ma bai bar halin ba. Ranar Litinin ya sa ta a mota ya kai ta kantin kyamarori.

Mai kantin, wani mai furfura a gemu da saurin baki, ya buɗe kantar gilashi ya ciro wata baƙa ya ɗora mata a hannu.

"Mama, riƙe ki ji. Marar madubi ke nan. Duk duniya ita ake yayi."

Malama ta koyar da kimiyya shekara talatin da biyu, darasin haske kuwa ko a barci aka tashe ta za ta zana shi a allo. Ta juya abin a hannu.

"Na ji an cire madubi. Me aka sa a gurbinsa?"

"Ba a sa komai ba. Hasken kai tsaye yake shiga. Ai shi ne ci gaban."

"To ni ma an cire mini haƙora biyu bara, ban ji wanda ya ce na ci gaba ba."

Mai kantin ya yi dariyar da ake yi wa mai saye. Ya nuna mata yadda ake kwance idon kyamarar, wato doguwar gwangwanin gilashin da ke gaba, a ɗaura wani: akwai na nesa, akwai na kusa, akwai na tsuntsu yana tashi. Kafin ya kai kan tsuntsu wuyan hannunta ya fara zafi. Ta ajiye, ta nuna wata 'yar ƙarama a lungun kanta, ba ta fi sabulun wanka ba.

"Waccan fa?"

"Haba Mama, wannan ai ta aljihu ce. Idonta a manne yake, ba a canzawa."

"Ni ma nawa a manne yake. Shekara saba'in ban canza ba."

"Mama," in ji Injiniya, yana shafa ƙeya, "kowa ya san babbar ta fi."

"Wane ne kowa? Kawo mini shi in yi masa tambaya biyu. Ta fi a me? Ta fi ga wa?"

"Ta fi kaifi. Za ki ga har ƙofofin gashi."

"Ni ƙofofin gashin ubanka na ce maka ina nema?"

Injiniya ya raɗa mata cewa ta bar komai a hannunsa, zai yi odar irin babbar ta waya, jibi-jibi ta iso. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya riga ya riƙe mata jaka ya nufi ƙofa. Litinin ta tafi a banza.

Ranar Laraba da yamma ya shigo falo da kwali, yana tafiya kamar ya ɗauko jariri. Ya yanke leda, ya zare takardu, ya fito da kyamarar. Malama ta gyara tabarau. A gaban abin babu komai sai wani murfi. Ya murɗe murfin, sai ga rami.

"Ina idon?"

Injiniya ya leƙa kwalin, ya girgiza shi, ya leƙa ramin. Sai fuskarsa ta washe, irin washewar ɗalibin da ya tuna amsa, amma ba ta wannan tambayar ba.

"Ai shi ne, Mama! Marar madubi ce. Shi ya sa babu gilashin. Wadda muka gani a kanti ado ne kawai suka ɗaura mata."

Malama ta cire tabarau ta ajiye a cinya. Ta dube shi kamar yadda take duban 'yan kujerar baya.

"Wannan da na cire yanzu, kakarka me take ce masa?"

"Madubin ido."

"Na bango fa, wanda kake tsayawa gabansa rabin awa kana gyaran gemu?"

"Madubi."

"To suna ɗaya suka ci, aiki daban. Ɗaya mayar da haske yake yi, ɗaya tattara shi yake yi. Na cikin aka cire, ba na gaban ba. Ni na koya maka wannan da bakina a aji uku, ka ci sittin da biyu, ashe satar amsa ka yi. Danna mu gani."

Ya danna. Allon bayan ya nuna fari fat, kamar an leƙa cikin kwanon madara. Ya koma kan wayarsa ya karanta odar a hankali, leɓunansa suna motsi. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta gangar jiki kaɗai. Idon, in aka yi odarsa, sai bayan kwana goma.

"Kwana goma," in ji Malama. "Sai mu ɗauki hoton motoci."

Don ya wanke kansa, washegari ya aro ido a wurin wani abokin aikinsa, dogo kamar filas ɗin shayi. Suka nufi shagon da hantsi. Shagon ɗan tsukuku ne, taga ɗaya, agogunan bango tara kowanne da ra'ayinsa, da benci inda Malama take zama tun da ta yi ritaya. Suka tarar da Mai Agogo a sunkuye kan agogon wani direba, harshe a waje. Malama ta yi wa ɗanta alama da hannu ya yi a hankali.

Ina! Sai da ya zuge jaka, ya rataya igiya a wuya, ya ja da baya har bakin titi don idon na nesa ne, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya ce wa mai sayar da jarida ya matsa. Mai Agogo ya ɗago ya ga bakin bututu yana kallonsa. Ya cire gilashin idonsa ya sa a aljihu. Ya miƙe, ya ɓalla maɓallin wuya, ya gyara hula, ya sauke hannuwa a gefe.

"Baba, ka zauna ka yi kamar kana aiki."

"Ni ba na yin kamar. Ko ina aiki, ko ana ɗaukata hoto. Ɗauka."

Ya ɗauki ashirin da huɗu. Ya kawo wa uwarsa yana murna, yana faɗaɗa hoton da yatsa.

"Dubi kaifi, Mama! Har zaren hula ana ƙirgawa."

"Na gani. Da ina da goma sha bakwai, yanzu ina da arba'in da ɗaya. Sannu da aiki."

Ranar Juma'a ba ta gaya wa kowa ba, ta hau motar haya ita kaɗai ta koma kantin. Mai kantin ya fara miƙa hannu wajen babbar.

"Bar ta nan. Ba ni sabulun."

"Mama, in haske ya yi ƙaranci ba za ta..."

"Akwai taga. Kashe mata ƙara, kashe mata walƙiya, ka nuna mini maɓalli ɗaya. In ka nuna mini biyu na fasa."

Ya nuna mata ɗaya. Ta gwada a kansa yana tsakiyar magana, ya fito baki a buɗe, sak yadda yake. Ta gyaɗa kai ta jefa ta a jaka.

Saura matsala guda. Ta san mijinta: tun ranar Alhamis ya sallami agogon direba, na ƙarshe ke nan, ranar Asabar ba aikin da zai rage sai ɗaure kaya. Da ta koma gida ta jawo tsohon akwatinta na makaranta, ta tono maganaɗisun da take nuna wa yara yadda yake jan ƙusa. Ta kwance agogon hannunta, na murzawa, wanda shi ya ba ta shekarar da suka yi aure, bai taɓa saɓa minti ba. Abu ɗaya ya gargaɗe ta a kai tun ranar: kada ya kusanci maganaɗisu. Ta ce wa agogon ya yi haƙuri, ta kwantar da shi a kan maganaɗisun.

Da safen Asabar ta iske an sauke agogunan bango, sai zagaye tara masu haske a jikin fenti. Kayan aiki suna cikin kwalaye. Mai Agogo yana naɗe igiyar fitila. Ta ajiye filas, ta zauna a bencinta, ta ɗora jaka a cinya.

"Malam, ƙarfe nawa a wurinka?"

"Goma saura kwata."

"Ni nawa ya ce goma da minti bakwai."

Ya tsaya cak. "Wane naki?"

Ta miƙa masa. Ya kara a kunne, ya yamutsa fuska kamar an zagi danginsa. Ya yage bakin kwalin da ya gama liƙewa, ya tono ƙyallen tebur ya shimfiɗa, ya jawo kujera kusa da taga. Ya buɗe bayan agogon. Ya laluba aljihu, ya maƙala gilashi a idon dama, ya sunkuya. Hantsaki ya shiga cikin agogon. Sai ga harshen, a hankali, ta hagu.

Malama ta zaro kyamarar ta ɗora a kan jaka, ba ta ko kai ta fuska ba. Ta danna. Ta ji ya dannu. Ta sake, ta kuma sakewa. Hasken taga yana kan hannuwansa da rabin fuskarsa, bai ɗago ba, bai san ma akwai duniya ba.

Sai bayan kusan rabin awa, da ya ɗora agogon a kan 'yar na'urarsa ya zare masa abin da ya kama shi, ya rufe bayan ya saita, sannan ya yi magana, yana goge gilashin da ƙyalle.

"Wannan agogon da maganaɗisu ya kwana. A gidanmu kuwa mutum ɗaya ke da shi."

"Allah sarki. Ko wa ye?"

"Shekara arba'in da ɗaya ban bar shi ya yi tari ba, ki rasa abin da za ki yi wa mugunta sai shi. Kuma abin nan da ke cinyarki, injinsa yana ɗan kuka in yana fito da ido. Sai daga baya na ankara da shi."

"Daga baya ya ishe ni. Zo ka ga."

Ta juya masa allon. Ta datse saman hular, gefen kwali ya shigo, hoton ya ɗan karkata. Amma ga shi nan a teburinsa, ga hantsaki, ga taga, ga harshe. Mai Agogo ya mayar da gilashinsa ido ya kai shi dab da allon.

"Ɗigo-ɗigo ne kawai. Ja, kore, shuɗi. Ban ga harshe ba."

"Cire wannan ka duba kamar mutane."

Ya cire. Ya riƙe kyamarar nesa da fuska, ya daɗe yana kallo, har Malama ta ɗauke kai ta hau zuba shayin da ba wanda ya nema.

"Kyamarar ce ta ƙara," in ji shi.

"Idonta a manne yake, Malam. Ba ta iya ƙara komai."

Ya miƙa mata, ya ɗaura mata agogon a hannu da kansa, ya ja igiyar zuwa ramin da ta saba. Ya naɗe ƙyallen tebur ya mayar kwali. Gilashin ne bai sa a ciki ba, ya jefa shi aljihun gaba.

"In za ki wanke, ki wanke biyu," ya ce. "Amma kada surukai su gani."

"Falo zan rataya shi," in ji Malama. "Ɗauki wancan kwalin, kana tsaye kamar za a ɗauke ka hoto."