Gangar Baba da Wasan Ɗigo

Ni Dauda, gyaran waya nake yi a kasuwar Yelwa, kuma sana'ar nan ta ɓata tsakanina da yarda. Mutum zai kawo maka waya yana rantsuwa ko raɓa ba ta taɓa ta ba, ka kwance ka tarar da yashin kogi a ciki. Shekara tara ina ganin irin wannan. Shi ya sa in aka ce mini abu ya lalace da kansa, nakan fara tambayar hannun wa ya bi ta wurin.

Wasan da ya jawo mana rigima, Ɗigo muke ce masa a nan. Kiɗa ne ke tashi a waya, wasu ɗigo-ɗigo masu launi suna gangarowa daga sama, kai kuma ka danna kowanne daidai lokacin da ya taɓa layin ƙasa. In ka riga shi, waya ta yi ja, wato ka yi gaggawa. In ka makara ta yi shuɗi. A can ƙarshensa akwai wata waƙa da samari suka sa wa suna Karya-Yatsa, don yawanci ba a kai rabinta ake faɗuwa.

Kowa da abin da yake faɗa a kansa. 'Yan kabu-kabun da ke shan inuwa a rumfata sun ce da gangan aka yi shi yadda ba zai ciwu ba, don ka yi ta faɗuwa kana kallon talla. Wasu sun ce sai mai babbar waya, ƙaramar waya ba ta jin yatsa da wuri. Benjamin, maƙwabcina mai sayar da caja, shi cewa yake wasan ba ya ƙarya, mutane ne ba su son a gaya musu inda suka gaza. Ni kuwa duk abin da aka ba ka kyauta ka sa a wayarka, ban yarda da shi ba.

Mahaifina, Ɗangana, shi ne makaɗin jirgin tsere na tungarmu da ke bakin tafki. Shekara talatin da ɗaya yana zama a goshin kwale-kwale da gangarsa, matuƙa ashirin suna zuba filafilin tuƙi a ruwa bisa bugunsa. Ba shi da sarauta, ba shi da babban jirgi, wannan mazaunin shi ne sunansa a gari. Bara suka zo na huɗu a gasa, sai samari suka fara gunaguni wai hannun tsoho ya mutu. Jagoran gunagunin Habibu ne, matuƙin gaba, wanda shi kaɗai a tungar ya taɓa kai Karya-Yatsa ƙarshe. Gangar yake so, kowa ya sani.

Wata Juma'a, saura wata guda gasa, na je gida. Bayan an sauko masallaci muna zaune a bakin mashiga, dattawa a kan tabarma, samari a kan jiragen da aka kife. Habibu ya taso da wayarsa yana wani murmushi, ya durƙusa gaban Baba.

"Baba Ɗangana, ga wani kiɗi nan na yara. Ko ka taɓa muna shi mu gani?"

Baba ya yi dariya ya karɓa. Aka nuna masa yadda ake yi, aka sa masa waƙa mafi sauƙi, wadda ƙanwata ke ci tana tuƙa tuwo. Ya danna, ja. Ya sake, ja. Har waƙar ta ƙare ba a ga wani launi ba sai ja. Wani daga baya ya ƙunshe dariya, ta ƙwace masa.

"Wagga aba ƙarya taka yi," in ji Baba. "Ni ban kuskure bugu."

"Waya ba ta san kowa ba, Baba," in ji Habibu, kansa a sunkuye.

Na san fuskar ubana in ransa ya ɓaci, don a wurinsa na gaji zuciya. Ya miƙa wa Habibu wayar ya ce, "Wace ta hi wuya ciki? Ita. In ban cinye ta ba kahin gasa, ka ɗauki gangar."

Sarkin Ruwa, wanda shi ke shirya jirgin tsere, ya ɗaga hannu. "Haba Ɗangana, mi ya haɗa ganga da waya?" Amma magana ta riga ta fita gaban mutane, kuma Baba ba ya lashe abin da ya faɗa.

Ni tun a wurin na gama yanke hukunci: an taɓa wayar nan. Na san akwai wani saiti a cikin wasan da ake matsar da kiɗa gaba ko baya, kuma in an matsar, ko wane ne kai sai ka faɗi. Na miƙa hannu na ce Habibu ya ba ni ita in duba. Ya ba ni ba musu, har yana cewa in riƙe ta kwana biyu. Wannan sauƙin nasa ya ƙara mini zargi.

Washegari a rumfa na bincike ta ciki da waje. Saitin yana nan inda kamfani ya bar shi. Na kwance bayanta, na gwada gilashin, ba komai. Sai na ce to ya mayar da saitin ne kafin ya miƙo mini, ai yatsunsa sauri gare su. Na sa wasan a tawa wayar na kai wa Baba. Ja. Na ce laifin abin jin sauti na kunne ne, na sauya masa sabo. Ja dai. Na kawo Baba har rumfa a kan babur, ya zauna kan bencina ya yi waƙa uku, mutane suna leƙe ina korarsu.

Benjamin ya karɓi wayar ya daɗe yana duba shafin sakamako. Ya ja ni gefe.

"Dauda, duba nan. Duk bugunsa gaba yake, kuma tazarar iri ɗaya ce. Sau ɗari biyu, iri ɗaya. Mai rawar hannu ba ya kuskure haka. Akwai dalili, ka tambaye shi."

Na dube shi sama da ƙasa. Na tuna shi da yayan Habibu teburin mai shayi ɗaya suke zama. Me ya sa yake so in tsaya tambaye-tambaye alhali kwanaki na tafiya? Na ce masa ya koma kan cajarsa. Daga maganarsa abu ɗaya kawai na ɗauka: in tazarar iri ɗaya ce, to gyaran mai sauƙi ne, a koya wa hannun ya ɗan jira.

Haka muka fara. Kullum ana yin la'asar nake rufe rumfa in hau babur zuwa tunga. Mu zauna a zaure, wayar a kan turmi a kife, ni a gefensa ina riƙe da wuyan hannunsa.

"Jira, Baba. Jira. Yanzu!"

Da farko kamar ana riƙe akuya ga dawa, hannun sai fizgewa yake. Yakan yi tsaki ya ce kiɗan ne ke jan ƙafa. Na ce masa ya daina taɓa ganga har mu gama, don tana rikita mana aiki. Ya rataye ta a ƙusa, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Matuƙa suka riƙa gwaji da ƙidayar baki.

Inna ta tsare ni a ƙofa wata rana. "Dauda, kai ka koya ma ubanka kiɗi? Tun ba a haihe ka ba shika ja da mutum ashirin bisa ruwa."

Na tambaye ta ko uwar Habibu ce ta yi mata wannan huɗubar a wurin bandar kifi. Ta dube ni kawai ta wuce. Na ji kunya, amma ban janye ba.

Sati na biyu aka fara ganin kore, alamar an danna daidai, jefi-jefi. Sati na uku ja ya zama baƙo. Na daina riƙe hannun, shi da kansa yake ɗaga yatsa, ya tsaya ɗan mitsitsin lokaci, sannan ya sauke. Gaskiya na yi alfahari da shi, na yi alfahari da kaina. Mutum mai shekara sittin da biyu yana cin waƙar da ta gagari 'yan kabu-kabun Yelwa gaba ɗaya.

Saura kwana uku gasa aka taru da hantsi a bakin mashiga. Na ce ba za a yi da wayar Habibu ba, su ma suka ce ba za a yi da tawa ba. Aka karɓo ta ladan, wanda bai taɓa jin sunan wasan ba, aka sa shi a gaban kowa. Na duba saitin sau biyu. Na sa samari suka ja baya taku biyar kada wani ya yi tari da gangan.

Baba ya gyara zama ya ce a sa Karya-Yatsa. Ɗigo suka riƙa zubowa kamar an kwance bakin buhun gero, yatsunsa suna tarbar su ɗaya bayan ɗaya. Da waƙar ta ƙare ba ja ko ɗaya, ba shuɗi ko ɗaya. Habibu kansa bai taɓa yin haka ba. Na yi ihu har muryata ta dishe. Habibu ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ganga taka ta. Ka yahe mani." Na tsaya ina kallonsa ina lissafin me kuma ya shirya.

Sarkin Ruwa ya ce tunda an gama wasan yara, a shiga ruwa a yi gwaji na gaske. Aka sauko da gangar daga ƙusa. Baba ya zauna a goshin jirgi yana fuskantar matuƙa, ni da Sarkin Ruwa muka bi su a gefe cikin jirgin inji.

Kiɗan ya tashi tsaf, ba gargada. Amma jirgin ya ƙi tashi. Filafilai suna shiga ruwa, sai dai ba tare ba, na gaba su shiga, na baya su biyo, kwale-kwalen yana tafiya kamar an ɗaura masa dutse. Na miƙe tsaye har jirginmu ya yi tangal-tangal.

"Da gangan suke yi! Sun haɗa baki ne! Sun faɗi a waya, za su kayar da shi a ruwa!"

"Zauna ka rufe muna baki," in ji Sarkin Ruwa. "Dubi Habibu."

Na duba. Habibu ya jiƙe sharkaf da gumi, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana tuƙi da iyakar ƙarfinsa yana kira, "Baba, ja mu! Ja mu, Baba!" Wanda ke zagon ƙasa ba haka fuskarsa take ba.

Sarkin Ruwa ya rage injin, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba. "Makaɗin jirgi ba tare da hilahili shika bugu ba. Riga su shikai da ɗan kaɗan, shi kira su, su iske shi. Ɗangana duk ƙasag ga babu wanda ya kai shi sanin wannan ɗan kaɗan ɗin. Yanzu ga shi shina jiran su, su ko suna jiran shi."

Sai na dubi hannun ubana. Gula, sandar kiɗan, ta tashi sama, ta tsaya ɗan mitsitsin lokaci, sannan ta sauka. Na san wannan tsayawar. Sati uku ina dasa ta da hannuna. Na zauna a kan katako.

Baba ya gane kafin kowa. Ya tsayar da su, ya girgiza hannun, ya sake farawa. Bugu biyar na farko jirgin ya zabura, har matuƙa suka yi kuwwa, sai hannun ya koma jira. Ya sake tsayar da su. Ya rufe ido ya gwada, ya sauya hannu ya gwada. Karo na huɗu bai kai bugu goma ba ya ɗora gula a kan cinya, ya yi musu alama a juya bakin gaɓa.

A gaɓa Habibu ya riƙe masa jirgi ya sauka. Ya ce, "Baba, akwai kwana ukku. Mu yi ta yi safe da marece, shina dawowa."

"Sati ukku anka yi ana ɗaure shi," in ji Baba. "Ban kai mutum ashirin gaban jama'a da hannun da ban yarda da shi ba." Ya cire ratayar gangar daga kafaɗa ya miƙa wa Sarkin Ruwa tare da gula. "Ka nemi wanda bai taɓa wasan nan ba. Ko bai iya ba sosai, in zauna gaɓa in gwada mashi."

Sarkin Ruwa ya karɓa da hannu biyu. Na bi fuskokin samarin ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda zai yi murmushi in samu inda zan sauke abin da ke ƙirjina. Ban samu ba, duk ƙasa suke kallo.

Muka kama hanyar gida, shi a gaba ni a baya. Ina tafe ina shirya yadda zan ba shi haƙuri. Da muka kai wurin da ake shanya taru ya tsaya, ya juyo. Ba fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Dauda, shin nawa ma na ci a wasan nan?"

"Ɗari bisa ɗari, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya dubi tafin hannunsa na dama.

"To, madalla," ya ce. "Ka aje muna shi."