Dutsen Ya Iso Hannun Jolene

Shekara goma sha ɗaya Jolene Sewap ta yi a Toronto. Ta dawo garinsu na bakin tafki da rikoda da takardar jami'a, za ta yi bincike kan yadda matan ƙabilarsu ta Cree ke warkewa bayan fyaɗe.

Ta bi ƙa'ida. Ta kai wa kowace mace taba a ƙulle cikin ƙyalle, bisa al'adarsu, kafin ta roƙi labarinta. Biyar suka karɓa. Kokom Adele, dattijuwar da ke jagorantar zaman, ta ce a haɗu a kicin ɗinta bayan abincin rana.

Suka zauna a da'ira, shayi na hucewa. Kokom ta ɗauko dutsen kogi ta miƙa hagu. Mai riƙe da shi kaɗai ke magana. Verna, ƙawar Jolene ta ƙuruciya, ta ba da labarin abin da kawunta ya yi mata, ta ce kamun kifi da jimar fata ne suka dawo mata da barci. Wata ta riƙe dutsen ba ta ce komai ba, aka jira ta, ta miƙa.

Da ya iso Jolene, ko kallonsa ba ta yi ba ta tura gaba, tana rubutu.

Wadda ta miƙa wa ta ƙi karɓa.

"Ni saurare na zo yi," in ji Jolene.

"Ji Malama!" Verna ta yi dariya. "Tare muka yi satar busasshen nama, yau ta zama baƙuwa."

"Jikata," in ji Kokom, "ba wanda zai tilasta miki magana. Amma a nan ba a zama a waje ana leƙe. Ki riƙe shi, ko mu tashi."

Jolene ta san da gaske take. In suka tashi, bincike ya ƙare. Ta kuma san abin da ya kore ta daga garin tana shekara goma sha bakwai, wanda ko mahaifiyarta ba ta sani ba.

Ta ajiye biro, ta kai hannu za ta kashe rikoda.

"A'a, 'yar'uwa," in ji Verna, yanzu babu wasa. "Namu labarin ya shiga ciki."

Jolene ta janye hannun. Ta riƙe dutsen, ya ɗau ɗumin tafin mutum biyar.

"Lokacin bazara ne," ta ce. "A bayan shagon jiragen ruwa."