Shafa'atu a Ƙasan Teku

"Ba zan kashe wasan ba, Yaya," in ji Shafa'atu, idonta a kan kwamfutar.

Lurwanu ya daka mata tsawa: "Yi sauri, mota na jira! Wasa ne fa, gobe kya sake farawa."

Amma a wasan nata na jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku, wanda ya mutu ya mutu ke nan. Abokan gaba na ta zubo mata bama-bamai. Ta tsayar da injin, ta lafe a ƙasan ruwa, har fankar ɗakin ta kashe duk da zafin Madina.

Sai bayan la'asar maharan suka gaji suka juya. Jirginta ya tsira. 'Yan gida sun tafi garin Badr cin ɗanyen dabino babu ita, Lurwanu kuma bai ƙara ba ta kwamfutarsa ba.